Takarda da Garke: Ƙasar Kurfai da Tambayar Jami'a

Tun zuwan Faransawa Filinge a farkon ƙarni na 20, Kurfayawa suke auna ribar karatun boko. A wancan zamani talaka yakan ɓoye ɗansa in an zo ɗibar yara lakwal, domin a idonsa wani nau'in aikin tilas ne. Saurayi mai neman arziki ya fi son ya tafi cin rani Kumasi ko Ankara, ya komo da tufafi da kuɗin haraji.

Gidan sarautar Mayaƙi kuwa ya gane inda iska ta dosa. Adamu Mayaƙi, wanda aka haifa a Filinge a 1919, ya yi karatun aikin gona, ya zama ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965. Ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi ya riƙe muƙamin firaminista daga 1997 zuwa 2000. Ganin irin wannan ya sa iyaye suka sake lissafi. Da jami'ar Yamai ta kafu a farkon shekarun 1970, kusan duk mai digiri yana da kujera a gwamnati.

Wannan alkawari bai daɗe ba. Kuɗin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu ya toshe ƙofar ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy. Daga baya masu digiri da yawa suka ƙare a koyarwar kwantaragi, albashi kaɗan, ba tabbas. Manomin da ya sayar da bijimi don karatun ɗansa yana da hujjar tambaya: ina riba?

Sai dai ƙasar Kurfai tana da wata amsa a Tukunus, arewa da Filinge, inda aka shafe shekaru da dama ana kyautata irin shanun Azawak masu yawan nono. Likitocin dabbobi da masana kiwo ne suka yi aikin, makiyaya suka ci amfaninsa. An kuma kafa jami'a a Tilaberi a 2014.

Saboda haka malamin da ɗalibi ya nemi shawararsa, ya kamata ya fara tambayarsa: wane fanni, kuma wa zai amfana? Kujerar gwamnati ta yi ƙaranci, amma rijiya, garke da ɗakin shan magani na nan suna jiran mai sani.