Lalurar ƙwaƙwalwa da gidan haya: Me doka ta tanadar wa ɗan haya a Guangzhou?

Birnin Guangzhou da ke kudancin China, wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yana da mutum sama da miliyan 18, matattara ce ta fatake daga Afirka, ciki har da Hausawa masu saro kaya a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Yawancin baƙin da ke zaune a can 'yan haya ne, kuma har yanzu ba a manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal saboda fargabar korona, abin da ya sa shugaban majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan China domin neman ba'asi.

Ɗan hayan da lalurar ƙwaƙwalwa ta same shi yana cikin irin wannan haɗari, sai dai nasa ba a cika jin labarinsa ba. Ciwon kan hana shi neman kuɗi har bashin haya ya taru, ko maƙwabta su kai ƙorafi, ko kuma a kwantar da shi a asibiti ya dawo ya tarar an sauya makulli.

Ciwo ba hujjar kora ba ne

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta China, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 2013, ta haramta nuna wariya ko cin mutuncin mai wannan lalura, ta kare dukiyarsa, ta kuma wajabta sirranta sunansa da adireshinsa da bayanan jinyarsa. Ƙa'idarta ita ce kwanciya a asibiti da yardar majiyyaci ake yi, sai idan ciwon ya yi tsanani har ya cutar da kansa ko wasu, ko akwai haɗarin hakan. Don haka mai gida ba shi da ikon tilasta wa ɗan haya jinya domin ya karɓe ɗakinsa.

Sirranta bayanai yana da nauyi na musamman ga baƙo, domin dokar shige da fice ta ƙasar ta ambaci taɓin hankali mai tsanani cikin dalilan hana biza.

Bugu da ƙari, ƙa'idojin hayar gidaje da majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar, waɗanda suka fara aiki ranar 15 ga Satumban 2025, sun hana mai gida amfani da ƙarfi ko barazana wajen fitar da ɗan haya, sun kuma hana shi riƙe kuɗin ajiya ba tare da dalili ba.

Amma rashin lafiya ba ya yafe bashi

Kundin dokokin mu'amala na China, wanda ya fara aiki a farkon 2021, shi ne ke fayyace haƙƙin kowane ɓangare. Sashe na 722 ya ce idan ɗan haya ya ƙi biya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, mai gida zai ba shi wa'adi daidai misali, kuma sai wa'adin ya wuce ne zai iya soke yarjejeniya. Sashe na 707 ya buƙaci a rubuta duk hayar da ta kai wata shida. Idan babu takarda kuma aka kasa tabbatar da wa'adinta, ana ɗaukarta a matsayin haya marar wa'adi, wadda kowane ɓangare zai iya kawo ƙarshenta bayan ya ba da sanarwa. A nan ne mutane da dama ke yin asara, musamman waɗanda suka karɓi ɗaki da baki ta hannun dillali.

Idan kotu ta tabbatar cewa mutum ba ya iya gane abin da yake aikatawa, yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta da inganci, ko da kuwa takardar amincewa da tashi ce. To amma ɓarnar da ya yi, waliyyinsa ne doka ta ɗora wa alhakinta.

Ina ake neman taimako?

Matakin farko shi ne layin 12348, inda ake ba da shawarar shari'a kyauta. Akwai kuma kwamitocin sulhu na unguwanni da ba sa karɓar ko sisi, kuma ɓangarorin biyu na iya kai abin da suka daddale gaban kotu cikin kwana 30 domin ta tabbatar da shi.

Dokar tallafin shari'a ta 2022 ta bai wa marasa ƙarfi damar neman lauya kyauta, ta amince waliyyi ya nema a madadin majiyyaci, ta kuma wajabta wa ofishin tallafin ya yanke shawara cikin kwana 7. Ga baƙi kuwa, samun tallafin ya dogara ne da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa ko ƙa'idar ba-ni-in-ba-ka, kuma lauya ɗan China kaɗai ke iya tsaya musu a matsayin lauya a kotu. 'Yan Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadancinsu a birnin.

A fannin jinya, Guangzhou ne mazaunin asibitin Huiai, asibitin masu taɓin hankali na farko a China, wanda likita ɗan Amurka John Kerr ya kafa a 1898. Layin 12356 kuma na masu neman agajin gaggawa ne kan damuwa.

Abin da ya fi yi wa ɗan haya rana a ƙarshe shi ne takardunsa: rubutacciyar yarjejeniya, da shaidar biyan kuɗi, da saƙonnin WeChat tsakaninsa da mai gida, da rajistar mazauni da ake buƙatar baƙo ya yi wurin 'yan sanda cikin sa'a 24. Yana da kyau wani amintacce ya riƙe kwafinsu tun mutum na da lafiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar da ciwo ya motsa ba lallai ne mai shi ya iya kare kansa ba.