Mabuɗin Labari a Ƙasar Hausa

Tun zamanin kakanni ba a bar wa mai labari wahalar neman mafari ba, domin al'ada ta riga ta yanke masa hukunci. Tsohuwa idan ta tara jikoki bayan sallar lisha sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta, kowa kuwa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, inda ba a tuhumar mutum da ƙarya. Malami kuma, ko waƙa zai tsara ko littafin fiƙihu, ba ya ɗora alƙalami sai da basmala da hamdala da salati ga Annabi, sa'an nan ya ce amma ba'adu, ya shiga maƙasudinsa.

Mushkilar ta taso ne a shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon masu ilmi su rubuta ƙagaggun labarai da boko, alhali kuwa a wurinsu rubutu abu ne mai alfarma, tatsuniya kuma hirar mata da yara ce, wadda bai kamaci mai rawani ya ɓata tawada a kanta ba. To, da wace kalma mutum zai fara abin da ba tatsuniya ba, ba kuma ilmi ba?

Dabarar da suka yi, wadda a ganina ta fi kowace hikima cikin littattafan da suka rubuta, ita ce su zaunar da wani mai ba da labari a gaban jama'a, su kuwa su koma gefe tamkar masu ruwaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai fara Shaihu Umar da haihuwar yaron ko sace shi ba. Ya fara da shi yana dattijon malami a Rauta, kusa da Bauci, almajirai suna tambayarsa asalinsa, sa'an nan bauta da hamada da Masar suka biyo daga bakinsa, ta yadda mai karatu ya san tun farko cewa yaron zai tsira, abin da ya rage masa shi ne sanin ta yaya. Abubakar Imam ya kai Koje Sarkin Labari Kwantagora domin ya saurari Alhaji Imam cikin Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara kuma ya sa Ganɗoki ya ba yara labarin yaƙe-yaƙensa. Wannan isnadi ne a fakaice, irin wanda almajiran hadisi suka saba da shi.

Imam bai saki wannan hanya ba ko a Magana Jari Ce, wadda ta fara fitowa a 1937, inda ya ɗora nauyin hikayoyin a kan aku a fadar Sarki Abdurrahman. Sai daga baya, musamman da marubutan Kano suka yawaita a shekarun 1980, ya zama ruwan dare a buɗe littafi a tsakiyar zance, budurwa tana kuka a ɗaki ko mota tana tsayawa a ƙofar gida, ba tare da an gabatar da wanda ya gani ya faɗa ba.