Asalin Tsohuwar Bussa

A gefen yamma na kogin Kwara, kudu da Yawuri, a da akwai wani gari da ake kira Bussa. Yau babu ko mutum ɗaya a cikinsa, ruwan tafkin Kainji ya binne shi.

Mutanen Borgu, ƙasar da Bussa take ciki, sun ce kakansu Kisra ne, wani sarki da ya taso daga gabas da jama'arsa. An ce da suka iso bakin Kwara suka haye, sai ruwa ya cika a bayansu, masu bin sawunsu suka rasa mahaya. 'Ya'yansa suka rarrabu: Woru, babbansu, ya zauna Bussa, sauran suka kafa Nikki da Illo. Shi ya sa ko da Nikki ta fi ƙasa da dakaru, Bussa ake ba girma. A can aka ajiye tambura da masu da ake cewa na Kisra ne.

Garin ba shi da yawan jama'a, amma mazauninsa ya ba shi daraja. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro ta wannan yanki suke ƙetare kogi, su biya fito, su ratsa Borgu. Kogin kuwa a nan ba ya wasa, duwatsu ne da ruwa mai gudu. A cikinsu Bature Mungo Park ya halaka a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka biyo ta Bussa, suka bi ruwa har teku, Turawa suka san inda Kwara ta ƙare.

Bussawa ba su saba sunkuyar da kai ba. Jihadi bai ci garin ba. Da Turawan Ingila suka tuɓe Sarki Kitoro Gani a 1915 suka sa ƙasar ƙarƙashin Yawuri, wani mai suna Sabukki ya tara mutane suka yi tawaye.

Abin da yaƙi bai yi ba, madatsar ruwa ta yi. An fara ginin madatsar Kainji a 1964 don samar da lantarki, aka gama a 1968. Dubban mutane suka tashi, suka bar gonaki da kaburburan iyaye, kuma wannan rashi babu diyyar da ta isa ta biya shi. Aka gina musu Sabuwar Bussa can kudu, kusa da madatsar, sarki ya koma can da fadawansa da kayan Kisra.