Yadda ake haɗa wayoyin sabon kik a tsohuwar mota

Kik shi ne ƙaramin injin lantarki da ke juya injin mota har ya kama. An fara sanya shi a motocin kasuwa a Amurka, a Cadillac ta 1912, bisa aikin Charles Kettering. Kafin nan da hannu ake wana mota. A Birnin Kebbi, daga Badariya zuwa hanyar Argungu, tsohuwar motar da batun ya fi shafa ita ce Peugeot 504, wadda aka fitar a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara aikin harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Wasu akori-kura samfurinta har yau suna dakon shinkafa da albasa.

Kafin a taɓa waya, a gwada sabon kik da tsohon: ramukan noti, yawan haƙoran da ke kama fulaiwil, da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa. Fijo 504 na amfani da bolt 12. Tsofaffin Volkswagen Beetle na kafin 1967 kuwa bolt 6 ne, fulaiwil ɗinsu mai haƙora 109, na bolt 12 mai 130. Kik ɗin wannan ba ya zama a waccan, ko da notin ya shiga.

Matakin farko shi ne cire kan batir na nagatif, wanda ke haɗe da jikin mota. Babbar wayar kik ba ta bi ta fiyus, kuma tana da wuta ko an zare makulli. Idan sifana ta haɗa ta da ƙarfe, tartsatsin kan narkar da waya, ya ƙona hannu, wani lokaci ma ya kai ga gobara idan akwai fetur kusa.

A bayan kik akwai solonoid, wato makunnin da ke tura haƙoran gaba, ya kuma saki wuta mai yawa. Babban notin da ba kowa a kansa, mai lamba 30 a tsarin Jamus, nan ake ɗaure kaurin wayar da ta fito daga fozitif na batir. A wasu motoci wayar caji ta altaneta ma nan take zama. Ɗaya babban notin an riga an haɗa shi da cikin kik tun daga kamfani, ba a ƙara masa komai. Wanda ya ɗaura wayar batir a kansa zai ga kik ya hau juyi da an mayar da batir. Siririyar wayar da ta taso daga makulli tana shiga ƙaramin kai mai lamba 50. Ya kamata a ɗauki hoton tsohon haɗin da wayar salula, domin launin wayoyi a motar da ta shekara arba'in tana wucewa ta hannun masu wayarin ba abin dogaro ba ne.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne hanyar komawar wuta. Kik ba shi da wayar nagatif tasa. Ta jikinsa wuta ke bi zuwa inji, daga nan ta wata saƙaƙƙiyar waya zuwa jikin mota. Tsatsa, fenti ko ƙurar hunturu da ta cakuɗe da mai a wannan mahaɗa kan sa sabon kik ya yi ƙas-ƙas kawai. Sau da yawa mai mota ya biya kuɗin kik alhali wannan waya ce ta ruɓe. A kankare wurin har ƙarfe ya fito fes. Kada kuma a musanya babbar waya da siririya: kik na jan wutar da ta haura amfiya 100, siririya zafi za ta ɗauka.

A mayar da nagatif a ƙarshe, a fitar da giya, a ja birkin hannu, sannan a murɗa makulli. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa ba. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, musamman a zafin Afrilu. Idan kik ya ci gaba da kuka bayan an saki makulli, a cire nagatif nan take, a binciki waya mai lamba 50 da makullin kansa.