Wa ke biyan alƙalin Zango, wa ke ladabtar da shi?

A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan dokar da ta ƙara albashin alƙalai da kashi 300 cikin ɗari, bayan fiye da shekara 15 ba a sake duba shi ba. Sai dai dokar ta taƙaita ne ga manyan kotuna, irin su Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, manyan kotunan tarayya da na jihohi, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Majistare da alƙalin kotun Musulunci, waɗanda mutumin Zango ke kai wa rikicin gona, gado ko aure, ba sa ciki. Albashinsu daga baitulmalin Jihar Katsina yake fitowa.

Ladabtarwa ma haka ta rabu. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, binciken manyan alƙalai. Naɗa ƙananan alƙalai da korarsu kuwa na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda Babban Jojin jiha ke shugabanta.

'Yan sanda ma'aikatan tarayya ne. A Disambar 2021, bayan zanga-zangar EndSARS, gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta amince da ƙara musu kashi 20 cikin ɗari. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ke hukunta masu laifi cikinsu.

Saboda haka, ƙorafi kan ƙaramin alƙali ko neman kyautata albashinsa Katsina ake kai shi, ba Abuja ba.