Ranar da mutum na biyar ya fi na farko muhimmanci

Duk sanda ɗalibaina suka tambaye ni me ya sa masu tseren keke suke bin juna kamar raƙuman ayari, sai in ba su labarin 2 ga Yuli 2013, a birnin Nis na Faransa.

A wannan rana ta gasar Tour de France, kowace ƙungiya ta tashi ita kaɗai, mafi yawansu da mutum tara, kilomita 25, agogo ne abokin karawarsu. Na gaba yana tare wa sauran iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce, a gasar 2013, lokacin mutum na biyar aka rubuta wa ƙungiya. Gwani in ya tsere wa ƴan'uwansa, wahalar banza ya sha.

Orica-GreenEdge ta Ostireliya ta yi nasara da ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, Simon Gerrans ya sa rigar ɗorawa ta jagoran gasa. Bayan kwana biyu, a Mompeliye, ya ja baya da gangan rigar ta koma hannun abokinsa Daryl Impey na Afirka ta Kudu. Kafin shi, ba ɗan Afirkan da ya taɓa sa ta.