Jajayen Ɗakunan Tarho na Ingila

Wanda duk ya taɓa ganin hoton birnin Landan da wuya bai lura da wani ɗan jan ɗaki a bakin hanya ba, mai tagogin gilashi ƙanana, da alamar kambin sarauta a bisa. Ɗakin tarho ke nan, inda talaka ke shiga ya jefa kuɗi ya yi magana da na nesa.

Ga asalinsa. A 1921 Gidan Waya na Ingila ya fito da na fari, na kankare, amma hukumomin Landan suka ƙi shi don muninsa. Saboda haka aka yi gasa a 1924, wani gwanin tsara gine-gine, Giles Gilbert Scott, ya ci. Shi launin azurfa ya so, Gidan Waya kuwa ya zaɓi ja, don a hango shi daga nesa. Aka fara kafa irinsa a 1926, aka kira shi K2. Da ya ke yana da girma da tsada, galibi a Landan ya tsaya. A 1935, sa'ad da Sarki Joji na Biyar ya cika shekara 25 a kan gado, Scott ya tsara ƙaraminsa, watau K6, na zubin ƙarfe da ƙofar katako. An kafa kamar 60,000 daga 1936 zuwa 1968, har cikin ƙauyuka.

Wani abin mamaki, da fari mutanen karkara sun yi ta gunaguni wai jan ya ɓata musu kyan ƙasa, har aka yarda a shafa wa waɗansu launin toka. Amma da aka sayar da kamfanin tarho ga 'yan kasuwa a 1984, aka shiga tumɓuke jajayen ana sa na zamani, sai jama'a suka tashi da kuka. Hukuma ta sa dubbai cikin jerin gine-ginen tarihi, waɗanda ba a rushewa sai da izini.

Sa'an nan wayar hannu ta zo ta janye masu kira, ga shi kuwa gyara da fenti kuɗi su ke ci. A 2008 kamfanin BT ya buɗe wa majalisun garuruwa hanyar sayen ɗakin a kan fam ɗaya. Waɗansu suka mai da nasu wurin aron littattafai, waɗansu suka ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a ciki.

To, mai karatu, darajarsa ba a ƙarfen ta ke ba. Shaida ne na zamanin da hukuma ta ga ya wajaba ta kai wa mutumin ƙauye abin da na birni ya samu, kuma ta yi shi da kyau. Abin gado irin wannan, in an samar masa sabon aiki ya daɗe, in an bar shi tsatsa ta cinye. Da tsohuwar zuma a kan yi magani.